Furen Usambara: Baƙon Kurmi a Bakin Taga

Sau da yawa haka takan faru. Uwargida ta tafi ziyara gidan ƙawarta, sai ta ga wata 'yar tukunya a bakin taga, a ciki ga wani gajeren tsiro mai ganye kamar karammiski, ya ɗauki furanni shunayya gwanin kyau. Ta yi sha'awa, ƙawar kuwa ta ba ta ɗaya. Da ta komo gida ta ce a ranta, "Wannan baƙo ba zai sha wahala a hannuna ba." Ta sake masa babbar tukunya, ta cika ta da baƙar ƙasar fadama, ta ajiye shi a tsakar gida inda rana take dukansa. Safe da yamma tana ba shi ruwa kamar yadda take ba barkono da tumatir. Kafin mako uku ganyen ya yi laushi ya kwanta, tsakiyar tsiron ta ruɓe. Daga nan uwargida ta yanke wa kanta hukunci, ta ce, "Ni dai hannuna ba ya karɓar fure."

Hannunta lafiya lau yake. Abin da ya faru shi ne, ta yi wa ɗan kurmi irin hidimar da ake yi wa ɗan lambu. Wanda duk yake so ya riƙe furen daji a cikin ɗaki, tilas ya fara tambaya, "Daga ina ya fito, ƙaƙa kuma zamansa a can?" In ya sami amsar wannan, ya gama rabin aikin.

Furen da muke magana a kansa masu sayar da furanni suna kiransa African violet. Masana kuma sun daɗe suna ce da shi Saintpaulia. Jamusawa suna kiransa da sunan duwatsun da ya fito, watau Usambara, mu ma da wannan suna za mu kira shi a nan. Shi ba irin tsiron da yake mutuwa da wucewar damina ba ne. In ya sami kulawa yakan yi shekaru masu yawa a tukunya, yana fid da fure kusan kowane lokaci na shekara.

Daga ina ya fito?

Duwatsun Usambara suna arewa maso gabashin ƙasar Tanzaniya, ba nisa da birnin Tanga na bakin teku. A shekarar 1892, sa'ad da ƙasar take hannun Jamus, wani jami'in mulki a Tanga mai suna Walter von Saint Paul-Illaire ya ga wannan fure, ya aika wa mahaifinsa irinsa a Jamus. Mahaifin ya miƙa wa Hermann Wendland, shugaban lambun sarki na Herrenhausen a birnin Hanoba. Wendland ya shuka, ya yi bayaninsa a rubuce a 1893, ya raɗa masa suna Saintpaulia ionantha domin girmama iyalin da suka kawo shi. Ba lalle a ce Bature ne ya fara ganinsa ba, gama mutanen waɗannan duwatsu suna zaune tare da shi tun kaka da kakanni. Abin da ya faru a 1892 shi ne fitarsa zuwa ƙetare.

Daga Jamus ya bazu cikin Turai, ya haye Amurka. A shekarun 1930 wani kamfanin furanni na Los Anjalas ya fara sayar da zaɓaɓɓun iri, mutane suka yi ta rububi. A 1946 masu sha'awarsa a Amurka suka kafa ƙungiya tasu. Yau akwai dubban iri da aka samu ta wurin barbara: fari, ruwan hoda, ja, shuɗi, mai dabbare-dabbare, da mai fure ninki-ninki. A 2015 masana suka bincika danginsa, suka haɗa shi cikin babban gidan tsire-tsire da ake kira Streptocarpus, amma a bakin masu lambu tsohon sunan bai gushe ba.

Zamansa a gida

Ku zo mu leƙa kurmin. Itatuwa dogaye ne, rassansu sun haɗu a sama, rana ba ta kaiwa ƙasa sai ɗan abin da ya tsiyayo ta tsakanin ganyaye. A wajen Amani, cikin Usambara ta Gabas, ruwan sama yakan kusa milimita 2,000 a shekara, hazo da raɓa kuma ba su yin nisa. Zafi ba ya tsananta, sanyi ma haka. Furen ba ya tsirowa a fili. Wurinsa jikin dutse ne mai inuwa, da tsaguwar dutse, da gaɓar rafi, inda ruɓaɓɓen ganye da gansakuka suka ɗan taru. Saiwarsa siririya ce, ba ta nitsawa da zurfi. In an yi ruwa yakan jiƙa ta, ya gangare nan da nan, ya bar laima da iska.

Ga abubuwa huɗu ke nan da kurmi yake ba shi: haske ba tare da zafin rana ba, ƙasa kaɗan mai sakwa-sakwa, laima ba tare da kwantaccen ruwa ba, da iska mai ɗan sanyi-sanyi. Dukan abin da za mu faɗa a gaba dabarun kwaikwayon waɗannan huɗu ne a cikin ɗaki.

Haske

Ku nema masa taga mai duban gabas, inda zai sami hasken safiya. In ranar tana shigowa da ƙarfi, ku rataya labule mai shara-shara, shi zai tsaya a madadin rassan kurmi. Tagar yamma ba ta dace ba, gama ranar la'asar takan ƙone ganyen. Lungun ɗaki mai duhu ma bai dace ba. A can ba zai mutu da wuri ba, amma ba zai yi fure ba.

Tsiron da kansa zai gaya muku halin da yake ciki. In sandunan ganyen sun yi tsawo suna miƙewa sama, ganyen ya yi kore mai duhu, fure kuwa babu, haske ya yi masa kaɗan. In ganyen ya koɗe ya yi rawaya-rawaya, ko ya yi tabon ƙuna, ko tsakiyar ta cunkushe, haske ya yi yawa. Mai lafiya ganyensa a shimfiɗe yake kewaye da tukunya kamar faifai. Kowane mako ku ɗan juya tukunyar domin kada ya karkata gefe guda. Masu wutar lantarki suna iya rataya masa doguwar fitila kamar inci 12 daga bisansa, ta yi awa 10 zuwa 12 a kunne. Amma da dare a kashe, domin yana bukatar duhu kamar awa 8 kafin ya yi fure da kyau.

Tukunya da ƙasa

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren uwargidan nan. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da 'yar saiwar ba ta iya shanyewa, ruwan kuwa shi yake kawo ruɓa. Ƙa'idar masu lambu ita ce faɗin bakin tukunya ya zama kashi ɗaya cikin uku na faɗin tsiron. In kun auna daga bakin wannan ganye zuwa bakin wancan kun sami inci 9, tukunya mai inci 3 ta isa. Babban tsiro ma da wuya ya bukaci fiye da inci 4 ko 5. Tukunyar kada ta yi zurfi, lalle kuma ta kasance da huda a gindi.

Ta roba da ta yumɓu duka suna yi. Ta yumɓu tana sanyaya saiwa, wannan kuwa riba ce a ƙasar zafi, amma tana saurin bushewa. Gishirin ruwa da na taki yakan kuma taru a bakinta ya cinye sandar ganyen da ta kwanta a kai. Maganin wannan, ku narkar da kyandir ku shafe bakin tukunyar.

Ƙasar fadama da laka ba su yi ba, suna danƙarewa su hana saiwa numfashi. A kantunan furanni ana sayar da haɗin da aka shirya domin irin wannan tsiro. In babu, ku haɗa da kanku: kashi biyu na ganyen da ya ruɓe sarai ya zama baƙi, wanda ake samu a gindin manyan itatuwa, kashi ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa da aka wanke, da kashi ɗaya na gawayi da aka farfasa ƙanana kamar ƙwayar masara. Ku yayyafa wa haɗin ruwa, ku turara shi a tsohuwar tukunya kamar rabin awa domin ƙwari da ƙwayoyin cuta su mutu, ku bari ya huce sarai. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ku dunƙula shi a hannu yana da laima, ku buɗe. In ya warware, ya yi. In ya tsaya kamar curin fura, ku ƙara yashi da gawayi. Sa'ad da kuke dasawa kada ku danna ƙasar da ƙarfi.

Ruwa

Waɗanda yawan ruwa ya kashe sun fi waɗanda ƙishirwa ta kashe. Kada ku sa masa ranar shan ruwa kamar ranar kasuwa. Ku taɓa ƙasar da yatsa. In saman ya bushe, lokaci ya yi. In da sauran laima, ku dakata. Da damina yana iya yin mako guda bai nema ba, da hunturu kuwa kwana biyu ko uku.

Hanya mafi kyau ita ce a shayar da shi ta ƙasa. Ku zuba ruwa a faranti, ku ɗora tukunyar a ciki minti 20 zuwa 30, ƙasa ta tsotsa ta hudar gindi. Sa'an nan ku zubar da ragowar. Kada tukunyar ta kwana cikin ruwa.

Ku lura da abu biyu. Na fari, kada ruwa ya kwanta a tsakiyar tsiron inda sababbin ganyaye suke fitowa, gama daga nan ruɓa take farawa. Na biyu, ruwan sanyi abokin gābansa ne. In ya taɓa ganye yakan bar tabo fari-fari ko rawaya wanda ba ya gogewa har abada. Saboda haka ruwan randa, wanda mu muke marmari, ba nasa ba ne sai an ɗiba an ajiye ya daidaita da ɗumin ɗaki. Ruwan sama ya fi kowane kyau. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe. Rijiyar da ruwanta yake da kanwa-kanwa ko gishiri a guje ta. Sau ɗaya a wata ku zuba ruwa ta sama, a gefen tukunya, da yawa har ya fita ta gindi, domin ya wanke gishirin da ya taru.

Wanda zai yi tafiya yana iya sa masa lagwani. A zura igiyar nailan ta hudar gindi zuwa cikin ƙasa, a ɗora tukunyar a bakin kwalba mai ruwa, jelar igiyar tana ciki. Ruwa zai riƙa hawa kamar yadda kananzir yake hawa lagwanin fitila. Zaren auduga ba ya daɗewa, yakan ruɓe.

Hunturu da bazara

Gaskiya ɗaya ce, ƙasarmu ba Usambara ba ce. Furen ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salshiyas. In zafi ya wuce 30 yakan daina fure, in sanyi ya sauko ƙasa da 15 girmansa yakan tsaya. Mazauna Jos da sauran wurare masu tudu sun yi sa'a, aikinsu kaɗan ne. Amma a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, inda bazara takan kai digiri 40, sai an yi da gaske.

Da hunturu matsalar bushewar iska ce da ƙura. Ku cika faranti da tsakuwa, ku zuba ruwa bai kai saman tsakuwar ba, ku ɗora tukunyar a kai. Ruwan yana tashi yana ba ganyen laima, saiwa kuwa ba ta taɓa shi ba. In kuna da tukwane da dama ku tara su wuri ɗaya, suna taimakon juna. Ku rufe taga da dare saboda iska mai sanyi. Gashin ganyen yana kama ƙura, sai ku share a hankali da gashin kaza ko burushi mai laushi.

Da bazara ku kai shi ɗakin da ya fi kowane sanyi, ku sauke shi ƙasa-ƙasa, nesa da kwanon rufi da bangon da rana take duka. Kusa da randa wuri ne mai kyau, in akwai haske. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa domin adana kayan lambu, har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Ku sa tukunyar furen cikin wata babba ta yumɓu, ku cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yayin da ruwan yashin yake bushewa yana sanyaya saiwar. Ku dai tabbata gindin 'yar tukunyar ba ya zaune cikin ruwa. In bai yi fure da bazara ba kada ku damu, kada kuma ku ƙara masa taki. Ku raya shi kawai har ruwa ya sauka, zai farfaɗo.

Abinci

Ɗan kurmi ba maciyi ba ne. Takin furanni mai narkewa a ruwa shi ya dace: kashi ɗaya cikin huɗu na ƙaramin cokalin shayi a galan ɗaya na ruwa. Ku ba shi wannan sa'ad da yake girma yana fure, ƙasar kuma tana da ɗan laima. Kada ku barbaɗa masa takin zamani na gona, ko ɗanyen kashin kaji, gama za su ƙone saiwar cikin 'yan kwanaki.

Daga ganye ɗaya

Ga abin da yara za su fi so. Ganye ɗaya tak yana iya haifar da sabon tsiro, sau da yawa ma fiye da ɗaya. Ku zaɓi lafiyayyen ganye daga layin tsakiya, ba tsoho na waje ba, ba jariri na ciki ba. Ku yanke shi da sabuwar reza, ku bar masa sanda kamar inci ɗaya ko ɗaya da rabi, yankan a karkace. Babba ne zai riƙe rezar. Ku soka sandar cikin haɗin ƙasa mai laima a ƙaramin kofi mai huda, ku kifa farar leda a kai da 'yan hudoji, ku ajiye a wuri mai haske ba rana.

Daga nan sai haƙuri. Cikin mako 3 zuwa 4 saiwa takan fito a ɓoye. Bayan wata biyu ko uku za ku ga 'yan ganyaye kamar kunnen ɓera suna leƙowa a gindin uwar. Sa'ad da kowane ya yi ganye huɗu ko biyar, ku raba su a hankali, kowa da 'yar tukunyarsa. Fure na fari yakan zo tsakanin wata 6 da shekara guda. Ku ba kowane yaro kofinsa, ya rubuta ranar da ya shuka a jiki. Yaron da ya jira ganye wata uku ya koyi abin da ba a koya da bulala. Furen ba shi da dafi ga mutum, ko kyanwa, ko kare, amma a gaya wa ƙanana ba abin ci ba ne.

Cuta da tsufa

Rigakafi ya fi magani. Sabon tsiron da ya shigo gida a ware shi wata guda kafin a haɗa shi da sauran. In kun ga wani abu fari kamar ɓurɓushin auduga a hammatar ganye, ƙwaro ne mai tsotson ruwan tsiro. Ku naɗa auduga a tsinke, ku tsoma a sifirit na kantin magani, ku taɓa kowane ɗaya, ku maimaita bayan mako guda. In fari kamar gari ya rufe ganye da fure, iska ba ta zagayawa, sai ku ba tukwanen tazara. In tsiron ya yi yaushi alhali ƙasa tana jiƙe, saiwa ta ruɓe, ƙarin ruwa zai ƙarasa shi. Ku ceci ganye biyu ko uku masu ƙarfi ku shuka, ku zubar da tsohuwar ƙasar.

Furen da ya bushe da ganyen da ya tsufa ku tsinke su daga tushe. 'Yan tohon da suke fitowa a gefen gindi ku cire tun suna ƙanana, domin tsiro mai kai ɗaya ya fi fure. Da tafiyar shekaru, gindinsa yakan yi tsawo ya zama kamar wuya. Sau ɗaya a shekara ku fitar da shi, ku rage ƙasan dunƙulen saiwar daidai tsawon wuyan, ku mai da shi tukunyarsa da sabuwar ƙasa har ta rufe wuyan. Sabuwar saiwa za ta fito a wurin, tsoho ya koma yaro.

Abin da ya rage a kurmi

Akwai abin baƙin ciki a tarihin wannan fure. Yana zaune a miliyoyin tagogi a duniya, amma a gidansa na asali yana ƙarewa. An sare kurmin Usambara da yawa domin katako, da gonakin shayi, da noma. Da zarar inuwa ta tafi, dutsen yakan bushe, furen ya bi. Waɗansu daga danginsa suna cikin jerin tsire-tsiren da ake tsoron ɓacewarsu, har da wani da ba a samunsa ko'ina sai a ɗan kurmi a duwatsun Taita na ƙasar Kenya. A 1997 gwamnatin Tanzaniya ta keɓe kurmin Amani ya zama wurin da doka ta tsare, yana kuwa cikin mafakar da ta rage wa furen.

Wannan ya shafe mu. Mu ma muna da furannin da suke fitowa a kurmin bakin rafi da gindin duwatsu da farkon damina. In kun gan su, ku bar su a inda suke. Waɗanda ake tonowa sau da yawa ba su daɗewa a gida, wurin da aka tono su kuwa ya zama kango. Wanda yake son furen kurmi a ɗakinsa ya nemi wanda aka haifa a tukunya. In maƙwabciya tana da furen Usambara, ku roƙe ta ganye ɗaya. In naku ya yi albarka, ku ma ku ba wani, ku haɗa masa da bayanin kurmin da furen ya fito, domin kada ya kai shi tsakar gida ya ba shi ruwa safe da yamma.